Turken Tsintuwa

Har yau in na tuna makon nan sai in ji wuyana ya ɗau zafi. An ce in bar wa Allah, na kuma bar masa, amma mantuwa kam ban yi ba, ba kuma zan yi ƙaryar na manta ba.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu, daf da burtalin da ya fito daga wajen Sule Tankarkar ya nufi Maigatari. Duk ranar Laraba tun hantsi za ka ji kukan tumaki da ihun 'yan kora, ana tafe da dabbobi a ƙafa don su kwana kusa da kasuwar Alhamis. Garke in ya yi yawa dole wata ta ɓalle. Wata ta tsaya cin ciyawa, wata ta gaji, wata ta bi awakin gari. Tun kafin a haife ni kowa ya san inda ake kai dabbar da aka tsinta: gidan Baba. Akwai turke guda a ƙarƙashin aduwar bayan gida wanda ba a ɗaure dabbar gida a jikinsa, na baƙi ne kawai. In an kawo tsintuwa, Baba ya ba ta ruwa da harawa, ya aika a gaya wa mai unguwa, ranar Juma'a ladan ya yi cigiya bayan an sallame. Mai ita in ya zo, tun daga zaure zai faɗi kamanninta kafin ya gan ta: launinta, tsagar kunnenta, yadda ƙahonta yake. In ya dace ya kwance abarsa ya tafi. Ban taɓa ganin Baba ya karɓi ko ɓarin goro a kan wannan ba.

Daga dabbobi abin ya koma kaya. Mai tafiya ci-rani ya kawo akwatinsa, marayu su kawo takardar gonar ubansu, wanda bai yarda da 'ya'yansa ba ya kawo buhun irin riɗinsa a ajiye masa sai damina. Baba ba malami ba ne, ba shi da sarauta, gonarsa ba ta fi ta kowa ba. Abin da ya mallaka a duniya shi ne a ce, kai wa dattijon bakin burtali, ba abin da zai same shi.

Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka tsakanina da shi sai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. In yana son wani abu daga gare ni sai ya ce wa Inna ta gaya wa yarinyar nan, ko da kuwa ina zaune a gabansa. Da na fara koyarwa a Gumel sai na koma malamar Gumel. Ni ma in zan gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Haka muka rayu fiye da shekara talatin, kuma ba wanda ya ga laifin haka a cikinmu.

Ina cikin aji wata Talata Inna ta kira ni a wayar maƙwabta. Ita 'yar wajen Damagaram ce, har yau ɗan sanda jandarma ne a bakinta. Ta ce jandarma sun tafi da babanku, a kan rago.

Ga yadda abin ya faru. Farkon daminar nan wani maƙwabcinmu ya dawo daga gona da rago a cikin amalanke, uda, gaba baƙi baya fari, ƙafar baya a karye, da jan fenti a gadon bayansa irin wanda masu lodin dabbobi ke shafawa. A cikin burtali ya gan shi kwance, ungulaye har sun fara zagaye. Baba ya yi masa ɗori da kara da tsumma. Da ya duba sai ya ga ƙazuwa ta ci bayan ragon, ya sa aska ya aske wurin ya shafa baƙin mai, kamar yadda kowa ke yi a ƙauye. Fentin ya tafi tare da gashin. Wa zai tsaya tunanin fenti alhali dabba na sosa jikinta har jini? Ladan ya yi cigiya Juma'a uku a jere, ba wanda ya zo. Ragon ya warke, ya yi ƙiba da dusar da aka hana awakin Inna.

Ana cikin mako na bakwai wasu 'yan kora suka hango shi ta saman darni. Ashe na wani Alhaji ne mai lodi zuwa kudu. Daga baya na ji cewa su 'yan korar ne suka yar da shi da ya karye, suka je suka ce wa ubangidansu sace shi aka yi, don kada a ɗora musu. Alhajin bai zo zaure ya faɗi kamannin dabbarsa ba kamar yadda kowane ɗan mutunci ke yi. Da motar 'yan sanda ya zo. Inna ta ce Baba da murnarsa ya fita, yana cewa alhamdu lillahi mai shi ya samu, da kansa ya kai su gindin aduwa. Suka duba bayan ragon suka ga baƙin mai inda fenti yake, suka ce ga shi nan, ya goge shaida. A bayan mota ɗaya aka sa su, shi da ragon, aka ratsa da su ta tsakiyar gari mutane na tsaye suna kallo.

Kwana biyu ya yi a tsare kafin Baffa, ƙanensa, da maigidana su karɓo shi beli. Aka ce ranar Litinin ta sama ya bayyana a kotun majistare, ana tuhumarsa da sata.

Sata. Wai Baba. Kai, duniya!

Akwai wata da muka yi sakandare tare, ta zama lauya. Na same ta a ofis ina ta zuba, ina rantsuwa, ina cewa duk garin shaida ne. Ta bar ni na gama sannan ta ce in kwantar da hankalina, ranar farko ba ranar ba da labari ba ce. Za a karanta masa takardar tuhuma, a tambaye shi ko ya fahimta, sannan a tambaye shi ko ya aikata. In ya amsa, nan take alƙali na iya yanke masa hukunci, kuma abin da aka rubuta ya rubutu. In ya ce bai aikata ba, za ta nemi beli, a sa wata rana ta sauraron shaidu. Ta ce mu zo da wuri, ya sa tufafi masu tsabta, mai tsaya masa ya zo da katin shaida da hotuna, kada kuma ya tsaya hira da mai gabatar da ƙara ko mai ƙara a waje. Sannan ta ce mini abu guda in riƙe: ko tana tsaye a gefensa, ba ita za a tambaya ba. Kalmar daga bakinsa za ta fito.

Na ce in dai wannan ne ai da sauƙi. Sai da na hau babur na kama hanyar ƙauye sannan na tuna wane ne ubana. Mutum ne da tunda yake bai taɓa cewa babba ba haka ba ne. In dagaci ya ce masa rana ta faɗi da azahar zai ce haka ne, ranka ya daɗe, ya dawo gida ya ci gaba da harkarsa. Malamin gona ya taɓa zuwa ya gaya masa shirmen da bai kama ƙasa ba game da shukar gero, ya yi ta godiya, bayan ya tafi ya shuka yadda ya saba. A wurinsa musu da mai mulki rashin tarbiyya ne. Yanzu kuma ana so ya tsaya gaban alƙali ya ce takardar hukuma ƙarya ta faɗa.

Na iske Baffa a zaure yana ba shi shawara. Na tsaya a soron ciki ina ji. Wai ɗan sandan da zai gabatar da ƙarar ya ja shi Baffan gefe ya ce masa Baba tsoho ne, in ya amsa ba za a ɗaure shi ba, tara ce kaɗan, kafin azahar yana gida. In kuwa ya tsaya jayayya, to, sai abin da Allah ya yi, a yi ta ɗagawa har kaka. Baffa ya ce ga maimai ya zo, ciyawa na cin gero, wa ke da lokacin zirga-zirgar kotu? Ya ce, "Yaya, kalma ce fa kawai. Kowa ya san ba ka ɗauka ba. Ka ce e, mu dawo gida."

Baba ya ce to.

Ban san lokacin da na ɗaga labule na shiga ba. Ni da ban taɓa zama a zauren nan Baba na ciki ba. Na ce wa Baffa ya yi haƙuri, amma kalmar da yake cewa kawai, ita ce ɓarawo. Na ce yau kowa ya sani, shekara goma nan gaba wa ya sani? Jikokinsa za su yi faɗa a bakin rijiya a ce musu jikokin ɓarawon rago, in sun musa a ce ai da bakinsa ya amsa a gaban alƙali. Baffa ya ce in ji tsoron Allah in fita, maganar maza ake yi, ba aji ba ne nan. Na fita, amma sai da na faɗi abin da ke raina. Baba bai ɗago kai ba. Can da la'asar ya ce wa Inna ta tambayi malamar Gumel me ake so ya ce.

Washegari na tafi gidan mai unguwa. Wannan mutumin tare suka yi karatun allo da Baba, kuma shi aka fara aika wa ranar da aka kawo ragon. Na durƙusa na gaishe shi, na ce lauya na son sunayen waɗanda za su shaida an yi cigiya. Sai ya fara kame-kame. Wai lallai an aiko masa, amma shi bai ga ragon da idonsa ba. Wai gwiwarsa na damunsa, ba ya iya hawa babur. Wai kotu ba wurin zuwan dattijo ba ce, mutum ya je shaida a wayi gari shi ake tuhuma. Har da ce mini in lallashi babana ya bi shawarar ƙanensa. Ni kuwa na san inda gwiwar ke ciwo: Alhajin nan shi ke sayen ragunan da mai unguwa ke turkewa duk shekara. Ladan ya ce shi zai je in liman ya yarda, liman ya ce sai ya yi shawara. Masallaci guda aka ji cigiyar nan, Juma'a uku, sahu-sahu na magidanta, amma da aka ambaci kotu kowa ya zama kurma. Maƙwabcin da ya kawo ragon a amalanke kuwa tuni ya tuna yana da ɗan'uwa mara lafiya a Gagarawa Tasha, ya tafi dubiya bai dawo ba. Tir da wannan hali, wallahi.

Na dawo na gaya wa Inna, na ce lauya ta ce kotu na iya aika musu sammaci. Baba yana ji daga ɗaki. Ya ce a gaya wa yarinyar nan shi ba zai sa a kai wa mutum takardar kotu gidansa ba saboda shi. Wato su da suka watsar da shi, shi yake jin kunyarsu.

Sai muka fara koyon maganar. Dabarata ce, kuma har yau ban san ko na kyauta ba. Na ce sai an gwada masa yadda za a yi. Inna ba ta iya karatu ba, Baffa ya yi fushi, saura ni. Na sa kujerar roba a tsakar gida, amma na kasa zama a kai ubana na tsaye. Na juya kujerar na ba shi baya, na fuskanci rumbu. Haka muka yi shari'armu, alƙali na kallon rumbu, wanda ake tuhuma na kallon garu, Inna na tsakani tana tsince wake.

Farkon abin da ya yi shi ne cire takalmi ya durƙusa. Inna ta ce mini ga shi fa ya durƙusa. Na ce a kotun nan tsayuwa ake yi. Ya ce wace irin kotu ce mutum zai tsaya ƙerere a kan alƙali yana magana? Da ƙyar ya miƙe.

Na karanto abin da na rubuta a bayan littafin darasi. Da na zo kan kalmar sata sai na ji kamar ni ce na zage shi. Na daure na ƙarasa, na ce ka fahimta? Ya ce ya fahimta. Na ce ka aikata ko ba ka aikata ba?

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ragon dai a gidana aka same shi."

Na ce a sake. Ya ce Allah shi ne masani. Na ce a sake. Ya ce man dai shi ya shafa, ba zai ɓoye ba. Na ce a sake. Ya ce duk abin da hukuma ta gani shi ne daidai. A nan na manta da rumbu, na manta da kunya, na juyo gaba ɗaya na dube shi ido da ido, abin da ban yi ba tun ina yarinya. Na ce, Baba, don girman Allah, ka saci ragon nan?

Fuskarsa ta canza, na ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Ke ma sai kin tambaya?"

Na ce to haka za ka ce wa alƙali. Ya ce ai alƙali ba 'yarsa ba ce. Ya sa takalmansa ya fita gona.

Kwana uku muna wannan. Wani lokaci ya faɗa daidai, ban sata ba, amma a hankali kamar mai roƙon gafara, sai kuma ya ƙara da wani dogon bayani da zai rushe komai. Na yi kuka, na yi faɗa, har na ce masa in ya amsa ba zan ƙara taka ƙauyen ba. Ƙarya nake yi, shi ma ya sani.

Ranar Lahadi da safe na ga yana fito da kaya daga ɗakin ajiya yana jerawa a zaure. Akwatin ƙarfe na wani da ya tafi Legas, garmar shanu, takardun gona a cikin leda, keken ɗinkin wata da mijinta ya rasu, buhunan da aka ɗinke baki. Ya ce wa Inna bai san ko gobe zai kwana a gida ba, kuma ba ya so ya shiga wani wuri da amanar mutane a wuyansa. Ya bi gida-gida da kansa yana cewa a zo a ɗauka.

Na zauna a soro ina jira in ji mutum ɗaya, ɗaya tak, ya ce haba Malam, bar shi a nan, mu mun san ka. Suka yi ta zuwa. Kowa ya yi jaje, ya ce Allah ya fid da kai, ya sunkuci kayansa ya yi gaba. Wani ma, ina gani ta kafar labule, sai da ya kwance bakin buhunsa ya tura hannu ciki kafin ya ɗora a kafaɗa. Shekara shida yana kawo iri gidan nan bai taɓa dubawa ba sai ranar. Baba ya ga abin da ya yi, ya kau da kai. Wata tsohuwa ce kaɗai ta ce a bar mata tunkiyarta a wurinsa, har na fara sa mata albarka a zuci, sai ta ƙara da cewa ita ba ta da turke kuma ba ta da harawa. Kafin azahar zauren ya zama wayam, sai shatin akwati a ƙasa.

Da yamma Inna ta wanke masa farar rigarsa ta Idi, na goge ta da dutsen guga na gawayi. Shi kuma ya ɗaure ƙullinsa: buta, carbi, ɗan bargo, da maganin hawan jininsa. Na ce ba sai ya tafi da bargo ba, lauya ta ce za a ba da beli. Bai cire bargon ba.

Litinin tun kafin a buɗe kotu muna bakin ƙofa, ni da shi da Baffa da maigidana. Ko koko bai sha ba. Ɗan sandan nan mai gabatar da ƙara ya zo wucewa, ya tsaya ya gaishe shi da fara'a, yana Baba an zo lafiya, ka dai tuna abin da na gaya wa ƙanenka. Na shiga tsakaninsu na ce lauyarmu na hanya. Ya dube ni sama da ƙasa ya wuce. Alhajin na can cikin motarsa, gilashi a rufe, ko saukowa bai yi ba sai da aka fara.

Kafin a zo kanmu an kira wani magidanci da ake tuhuma da ɗaukar injin ban ruwa. Aka karanta, aka tambaye shi, ya ce ya aikata, yana neman sassauci. Alƙali ya yi rubutu, ya faɗi hukunci, aka fita da shi ta ƙofar baya. Duka-duka bai kai a dafa shayi ba. Na saci kallon Baba, na ga ya ƙara rungume ƙullinsa.

Aka kira sunansa, haka tsirara, babu Malam babu komai, daga bakin wani akawu da bai kai ƙanena ba. Ya tashi, ya cire takalmansa a bakin akwatin da ake tsayawa, ya shiga, ya fara durƙusawa. Ɗan sandan kotu ya ce tashi tsaye, tsoho. Ya miƙe, ya riƙe katakon da hannu biyu. Aka karanta da Turanci, aka maimaita da Hausa: cewa ya sace rago, ya goge shaidar mai shi don ya ɓoye. Aka ce ya fahimta? Ya ce ya fahimta, ranka ya daɗe. Aka ce ya aikata ko bai aikata ba?

Fanka na juyawa a sama, wani na tari a baya. Alƙali ya ɗago ya dube shi. Baba ya buɗe baki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ragon dai..." Baffa ya sunkuyar da kai.

Sai ya tsaya. Ya juyo yana duban benci-benci har ya same ni. Ubana, wanda bai taɓa kallon fuskata da gangan ba, ya tsaya yana kallona a gaban jama'a. Ban yi masa alama ba. Ya mai da fuskarsa ga alƙali.

Ya ce, "Ka gafarce ni da abin da zan faɗa, ranka ya daɗe. Ban sata ba. Ban taɓa sata ba."

Har cikin wannan hali sai da ya nemi gafara. Alƙali kuwa ko a jikinsa, ya rubuta layi ɗaya, lauya ta tashi ta nemi beli, aka bayar, aka sa rana, aka kira na gaba. Abin da ya hana mu barci mako guda, abin da ya sa na ɗaga wa ubana murya, a wurinsu layi ɗaya ne. Da muka fito ya kasa sa takalmi, ni na durƙusa na sa masa.

Baffa bai yi ƙarya ba a kan abu guda, an yi ta ɗagawa. Sau biyar muka koma. Yau alƙali ya tafi taro, gobe mai gabatar da ƙara ba shi da lafiya, jibi shaidun mai ƙara ba su zo ba. Alhajin tun bayan ranar farko bai ƙara leƙowa ba. Ya karɓi ragonsa, lafiyayye, mai ƙiba, da ƙafar da Baba ya ɗora, ya loda shi kudu. Ciyawa ta ci rabin geron Baba. A zuwa na ƙarshe alƙali ya ce tunda mai ƙara ba ya zuwa, an kori ƙara, yana iya tafiya. Na tambayi lauya, shi ke nan? Ba za a ce bai yi ba? Ta ce ba a saurari shaida ba, don haka ba abin da za a ce. Ba wanda ya ba shi haƙuri. 'Yan korar da suka yi ƙarya ko kiransu ba a yi ba, har yau suna wucewa ta bayan gidanmu duk Laraba. Mai unguwa kuwa gwiwa ta warke, shi ya fara zuwa barka, ya zauna ya sha fura.

Ni dai na ɗauka mun ci nasara. Na yi ta faɗa wa mutane cewa babu takardar da ta ce ubana ɓarawo ne, kuma gaskiya ne, babu.

Bayan an gama yankan gero na je hutun makaranta. Wata Laraba da la'asar, garken ƙarshe ya wuce, muna zaune a bayan gida, Inna na sussukar wake, Baba na gyaran igiya. Sai ga tunkiya ta ɓullo daga burtali ita kaɗai, da ciki niƙi-niƙi, tana haki, harshe a waje. Ta zo kai tsaye gindin aduwa, inda kwatarniyar ruwa take, ta tsaya jikin turken nan kamar an aiko ta. Wata maƙwabciya ta leƙo ta saman darni ta ce Malam, ga baƙuwa ka yi.

Baba ya ajiye igiyar. Ya ɗauki karan dawa ya nufe ta. Na ɗauka zai kora ta ciki ne. Sai na ga ya ɗaga karan ya kore ta waje. Ta yi 'yar tafiya ta dawo, saboda ruwan. Ya tsula mata a gadon baya, mutumin da ban taɓa ganin ya daki ko jaki ba. Inna ta ce ya bari mana ko ruwa ta sha.

Ya ce, "Ba a gidana ba."

Ya bi ta har cikin burtali, ya tsaya sai da ta yi nisa tana kuka. Da ya dawo bai dubi kowa ba. Ya tuntsurar da kwatarniyar, ya kama turken nan da hannu biyu yana girgizawa. Turken ya daɗe a ƙasa, ya ƙi fita, sai da ya ɗauko fartanya ya tone gindinsa. Ya ja shi ya jefa a bakin murhu, ya shige ɗaki.

Da shi aka dafa tuwon daren ranar. Ni ban ci ba.